Takardar Zogalenku Ta Kusa Hana Ni Ganin Jikana

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ta buga takardar zogale, wadda aka raba wa mata masu zuwa awon ciki a yankinmu.

Ranka shi daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Sunana Garba, ana ce mini Garba Mai Albasa, daga Danchadi ta ƙasar Bodinga. Na so in kawo maka wasiƙar nan hannu da hannu, har da goron suna, sai dai takardarku ba ta da adireshi, sai hoton ganye da na wata mata tana dariya. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa ta iske ka.

Ka yi haƙuri in ka ji ina ƙorafi bakina bai rufu ba don murna. Yau kwana tara ke nan da autata Balkisu ta haifi ɗa namiji, shekaranjiya aka yi suna. Yaro ne ɓul-ɓul, da kunnuwa irin nawa, Allah ya ba shi haƙurin ɗaukarsu. Tun ranar da ya iso maiɗakina Dije ta ce ta yi sabon ango, ni kuwa ko furata sai na tuna mata. Ban damu ba. Amma saura ƙiris da yaron nan da uwarsa ba su ga wannan rana ba, kuma takardarku tana da hannu a ciki. Ga yadda abin ya faru.

Na ɗaya. Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Ina da shekara hamsin da takwas na shiga ajin yamma na manya, daga La'asar zuwa Magariba, a kan bencin 'yan firamare, gwiwata tana gaisawa da haɓata. Shekara uku na yi kafin haruffa su daina yi mini rawa. Tun daga nan babu rubutun da ke wuce ni: buhun taki, bayan mota, kwalin ashana. Sai dai na kwaso wata cuta tare da karatun. Duk abin da na gani an buga da inji, sai in ɗauka an gama magana.

Na biyu. Balkisu tana aure a Kajiji, mijinta Sani tela ne a kasuwar Shagari. Da ta fara zuwa awo aka ce jininta bai cika ba, aka ba ta jar ƙwayar nan ta ƙarin jini, kullum ɗaya. Ƙwayar tana tayar mata da zuciya, tana ɗaure mata ciki. A wata na biyar ta zo ganin gida da takardarku a ƙulle a bakin zane, ta ce in duba mata, tunda ni ne malamin gidan yanzu. Na sa tabarau, na tara mutanen gida, na karanta da ƙarfi har sau uku: BINCIKE YA TABBATAR, GARIN ZOGALE YANA ƘARA WA MAI CIKI JINI KAMAR ƘWAYA.

Dije ta ce ita dai kada a bar abin da malamar asibiti ta bayar. Na ce mata ita da ba ta taɓa zama aji ba, ina ta san bincike? Nan take na yanke hukunci a ajiye ƙwaya. Zogale kuwa shi ne shingen gidana. Na zage shi tas har awaki suka fara yi mini kallon banza, na shanya a inuwa, aka daka, na aika mata kwano biyu ta hannun ɗan kabu-kabu. Damina ta sauka, hanyar Kajiji ta jiƙe, ita kuma tana ganin magani na ɗakinta, sai awo biyu suka wuce ta.

Na uku. A ƙarshen wata na bakwai aka kawo ta gida goyon ciki, tunda haihuwar fari ce. Ran wata Talata da hantsi tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ta miƙe za ta ɗauko ruwa, sai ta zube. Da na kama hannunta na ga tafin ya yi fari fat kamar takardar taku. Muka kai ta asibiti, aka auna jini, aka ce ya sauka ƙwarai, sai an ƙara mata. Na naɗe hannun riga na miƙa nawa, mai ɗibar jinin ya dube ni ya ce, Baba, naka ka riƙe abinka, kai ma kana bukata. Sani ne ya bayar da leda ɗaya. Kwana huɗu muka yi a can, kuma kwana huɗun nan Dije tana gefen gadon Balkisu, ta juya mini baya. Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na huɗu, kuma nan ne zancen yake. A rana ta uku likitar da ke duba ta, wata yarinya mai natsuwa da ba ta wuce sa'ar ɗiyata ta biyu ba, ta tambayi dalilin barin ƙwaya. Na zaro takardarku don in wanke kaina. Ta karanta, ba ta yi mini faɗa ba. Sai ta tambaye ni sana'ata.

Na ce mata shekara talatin ina noman albasa a fadama, kuma ni ake kira in yi kintace idan fatake za su sayi albasa tun tana ƙasa. Ta ce yaya nake yi? Na ce ina tona fangali, wato kwamin da aka dasa albasar, nan da can, in ga abin da ya fito. Idan fangali uku kawai aka bar ni na tona a babbar gona, zan ce buhu arba'in, amma zan ƙara da cewa yana iya zama ashirin da biyar, yana iya kaiwa hamsin da biyar, don wataƙila na faɗa gefen da ya sha taki. Idan kuwa na tona talatin a ko'ina, zan ce tsakanin talatin da takwas da arba'in da biyu, in kwana da daɗi. Ban taɓa ba mutum lamba ɗaya tsirara ba, don wanda ya yi haka ba a sake kiransa.

Sai ta yi dariya ta ce, Baba, ai kai tsohon mai bincike ne, takardar shaida ce kawai ba a ba ka ba. Ta ce masu binciken magani ma ba su iya gwada matan duniya duka, fangali suke tonawa. Don haka kowane sakamako na kirki yana zuwa da lamba ta tsakiya da kuma iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama. Nasu da lissafi ake fitarwa, ba da ido ba, kuma an tsara lissafin yadda in an maimaita irin binciken sau ɗari, a kusan casa'in da biyar gaskiya za ta faɗo tsakanin iyakokin. Ta faɗi sunan abin da Turanci, ya shiga ta kunnen dama ya fita ta hagu. Ni dai tazarar kintace nake ce masa.

Ta juya bayan takardarku ta zana turke a tsakiya, ta ce wannan shi ne babu amfani, duk abin da ke damansa amfani ne. Ta ja gajeren layi can dama, ta ce ga ƙwayar ƙarin jini: an gwada ta a kan mata masu ɗimbin yawa a ƙasashe da dama, ko ka kama iyakar ƙasa, amfani ne. Sannan ta ja dogon layi, ɗigonsa na tsakiya yana dama, amma jelarsa ta miƙe har ta taɓo turke. Ta ce ba ta san binciken da kuka dogara da shi ba tunda ba ku faɗa ba, amma waɗanda ta karanta a kan garin zogale na mata kaɗan ne, kuma haka layinsu yake kama. Yana iya yin aiki sosai, yana iya zama bai taka kara ya karya ba, ba a gama sani ba tukuna. Ta ce zogale abinci ne mai kyau, Balkisu ta ci kwaɗonsa ta more. Amma mace mai ƙarancin jini da haihuwa a gabanta, likita ba ya duban ɗigon tsakiya kaɗai, yana duban iyakar da ta fi muni, ya tambayi kansa ko mai cikin za ta iya ɗaukarta.

Ranka shi daɗe, a nan na naɗe takardarku na mayar aljihu. Ni da ba na yarda in yi wa baƙon falke kintacen albasa da fangali uku ba tare da na gargaɗe shi ba, na ɗora jinin ɗiyata a kan fangali uku, don kawai an buga da manyan baƙaƙe.

Na biyar. Ban ce kun yi ƙarya ba, kuma na yarda niyyarku alheri ce. Ban ga inda kuka ce a daina ƙwaya ba. Amma ban ga inda kuka ce kada a daina ba, na duba gaba da baya. Kun ɗauki ɗigon tsakiya, kun datse kai da jela, kun ɗora masa kalmar tabbatar. A ƙauye, idan aka ce wa mutum abin da ke shingensa daidai yake da abin da ke sa ɗiyarsa amai, me kuke tsammani zai yi? Nawa laifin na ɗauka, kuma Dije ta ɗauki alkawarin tuna mini shi kullum bayan sallar Asuba. Naku nake kawo muku.

Balkisu ta koma kan ƙwaya, tana sha bayan ta ci abinci kamar yadda likita ta ce, ba ta haɗa ta da shayi, ba ta sake fashin awo ba. Jini ya hau, ta sauka lafiya a asibiti. Alhamdu lillahi.

Ga roƙona. A janye takardar nan a sake buga ta. A faɗi mata nawa aka gwada, a faɗi iyakar ƙasa da ta sama da Hausar da kowa zai gane, in ya yiwu a zana turken da layin, don ko Dije da na raina ta gane zanen kafin in gama bayani. A rubuta da baƙaƙen da suka fi na zogalen girma cewa kada mai ciki ta bar ƙwayarta sai da shawarar ma'aikacin lafiya. A sa adireshi. Sannan kafin ku buga wata, ku kawo ta ajinmu na yamma. Mu ashirin da uku ne, duk masu furfura, duk masu yanke hukunci a gidajensu. Ku ba mu mu karanta, ku tambaye mu abin da za mu je mu aikata. Na riga na kai musu zanen likita, yanzu ko tallar maganin basir aka karanta a aji, sai ka ji wani tsoho daga baya ya ce, fangali nawa aka tona?

Ina roƙon a hanzarta. Ran suna wata maƙwabciyar Balkisu daga Kajiji ta zo barka tare da mijinta, da cikinta na wata biyar, ta ce takardarku na liƙe a bangon ɗakinta. Na zaunar da mijinta na yi masa zane a ƙasa da tsinke, jiya kuma ya kai ta awo. Amma ni tsinke ɗaya gare ni, ku kuwa injin buga takarda gare ku.

Abu na ƙarshe. Da liman ya raɗa wa yaron suna, sai na ji an ce Abubakar, wato sunana na yanka. Sani ne ya zaɓa, bai shawarce ni ba. Ni da na kusa tare masa hanya, ni aka yi wa takwara. Na sunkuyar da kai ina gyaran tabarau har aka shafa fatiha. Ina so ranar da takwarana zai fara haɗa baƙi, takardar da zai tsinta a ɗakin uwarsa ta gaya masa abin da aka sani, ta kuma gaya masa iyakar sanin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a aikinku, ya sauki duk mai ciki lafiya. Goronka yana nan a ajiye cikin buhun algarara, in ka aiko da adireshi.

Wassalam.

Naka,
Garba Mai Albasa, kakan Abubakar,
Danchadi.