Ƙafar da Ban Auna Ba

Litinin, 3 ga Fabrairu

Auta ta kai uwarta asibiti ba da sanina ba, kan ƙullutun ƙashin nan na gindin babban yatsanta na ƙafar dama. Sun dawo mini da hoton ƙashi da zancen tiyata. Tiyata! Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka wa matar nan takalmi da hannuna, ina buɗa wa ƙullutun wurin zamansa, ban taɓa jin ta ce wash ba. Yau kuma sai wuƙa?

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Na bi su. Likitar yarinya ce, amma ta san aikinta. Ta ce hanya biyu ce. Ko a yanka ƙashin a miƙar da shi, a kama da ƙananan ƙusoshi, yatsa ya ci gaba da lanƙwasuwa amma yana iya sake karkacewa wata rana. Ko a haɗe gaɓar gaba ɗaya, ciwo ya tafi, yatsa kuma ya sandare har abada. Maman yara abu ɗaya ta tambaya: wacce za ta bar ta ta kafe yatsa a zaman tahiya? Aka ce ta farko. Ta ce shi ke nan.

Na ce akwai ta uku, in ƙara faɗaɗa takalmi. Likita ta ce da Maman yara ba ta jin ciwo, ita ma shawarar da za ta bayar ke nan. Na ce ai ba ta ji. Auta ta sunkuyar da kai.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Shekara huɗu Maman yara tana ɓoye mini ciwon nan! Ashe da ta sha kwanar layinmu take cire takalmina ta sa silifas ɗin da ta ɓoye a jaka. "Malam, in na faɗa maka, cewa za ka yi hannunka ne ya tsufa."

Na yi ta faɗa, na fice ko karyawa ban yi ba. A shago na ɗauko ƙafar katakon da na sassaƙa mata, wadda nake ɗinka takalmanta a kai. Rabona da auna ƙafarta ta gaske shekara tara. Ni da ba na yanka wa baƙo fata sai na durƙusa na auna shi. Wallahi na ji kunya.

Talata, 18 ga Fabrairu

An shiga da ita ƙarfe tara. Na yi ta safa da marwa har Auta ta ce, "Baba, zauna mana, za ka cinye musu daɓe." Tsoro nake ji, ba wani abu ba.

Ta farka lafiya, alhamdu lillahi. Maganarta ta farko wai na ci abinci?

Talata, 4 ga Maris

An cire zare. Na sa tabarau na duba ɗinkin, tsaf, babu inda ya kauce. Na ce wa likita in ta gaji da asibiti ta zo shagona. Maman yara ta yi dariya har ta riƙe gado.

Ni ke goge mata ƙafar kullum. Akwai kanta mai tauri a ƙarƙashin yatsa na biyu, ban san da ita ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Kumburi ya saɓe. Na kawo takarda da fensir zan auna, sai ta janye ƙafar. Ta ce, a hankali, tun tana budurwa ba ta taɓa shiga kanti ta gwada takalmi kamar sauran mata ba. Na ce na kanti ai gam ne da kwali. Ta ce ta sani.

Mun je. Mai kantin ya sunkuya zai sa mata, na ce kauce, na durƙusa da kaina. Ja ta zaɓa, a shekarunta! Na latsa bakinsa na ce yana matsa ki? Ta ce a'a. Na sake tambaya, a'a. Na uku ban kalli takalmin ba, fuskarta na kalla.

"Kaɗan, Malam. Ta gefe."

Na ce a kawo mai faɗi. Takalmin nan ba zai kai wata shida ba. Ni na riƙo mata shi har gida.