Dutsen da Na Gyara wa Jikoki

Zuwa ga 'yata, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah Ya raya su, Ya tsare ku a inda kuke. Ni ma da sauƙi, alhamdulillahi. Gwiwar ce dai take yi mini gardama da safe, idon hagu kuma ya fara ganin abu bibbiyu, shi ya sa za ki ga rubutun yana hawa yana sauka. Gwaggonki ta leƙo ni kwanan baya, ta share ɗakin mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, ta yi mini faɗa a kan rashin cin abinci, ta tafi. Tun daga nan ba wanda ya buga ƙofa sai mai kawo ruwa.

To, sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mai kemis na bakin layinmu, wanda yake karanta mini saƙonnin waya, ya karanta mini naki. Kin ce yanzu ku da yaran hawan dutse kuke yi a ranakun hutu, in nemo muku dutsen da ya dace da ƙananan yara: mota ta iya zuwa kusa, ƙasan ya zama shimfiɗe, da inuwa, kada ya cika tsawo. Kin kuma ce idan babu, maigidanki zai kai ku wani gari ku yi hutun, ku biyo ta nan ku kwana ɗaya a hanyar komawa. Na sa ya maimaita mini wannan ƙarshen. Auta, yaran nan ban taɓa ɗaukarsu a hannu ba. Kwana ɗaya ai ko sabawa da fuskata ba za su yi ba.

Shi kuwa wannan hawan dutsen, gaskiya ban gane masa ba. A zamaninmu mutum yana hawa dutse ne idan akuya ta ɓata, ko yana gudun bulalar hedimasta. Na tambayi mai aski, ya ce wataƙila likita ne ya rubuta muku. Tela ya ce a'a, mutanen da suka ƙoshi ne suke neman wahala da kansu. Na ɗauki sandata, na kira mai tasin da yake kai ni asibiti, muka shiga nema.

Wuri na farko ashe fasa dutse ake yi, ba mu gama tsayawa ba nakiya ta tashi, ni da mai tasi muka rasa wanda zai riƙe wani. Na biyu an kafa dogon ƙarfen waya a kansa, an kewaye shi, mai gadi ya tsare ni da tambaya kamar ya kama ɓarawo. Da na ce jikokina ne za su hau, sai ya dubi mai tasi ya tambaye shi ko tsohon lafiyarsa ƙalau. Muna dawowa ne na tuna da dutsen bayan tsohuwar gonarmu, wanda kike ɓuya a gindinsa idan an ce ki tsinci wake. Mota tana isa, ƙasan yashi ne mai laushi, tsamiyar nan tana nan da inuwarta, tsawonsa bai wuce gidan sama ba. Har na ji hawaye.

Abu ɗaya ya dame ni. Jikin dutsen duk tsaga ne da ramuka da ƙulle-ƙulle masu kaifi. Na ce a raina yaro zai cusa hannu kunama ta harbe shi, ko ƙafarsa ta maƙale. Kin ce wanda ya dace da yara, ni kuwa abin da na sani ke nan. Sai na kira maginin da ya gyara mana katanga, na ce ya toshe tsagogin da siminti, ya sassabe masu kaifin, ya yi matakala da ƙarfen dafawa ta gefe. Ya tambaye ni ko na tabbata, na ce masa ni na haife ki, ba shi ba. Ya yi aiki mai kyau ƙwarai. Fuskar dutsen ta fito sumul kamar bangon asibiti.

Na je wurin mai kemis da murnata don ya ɗauki hoto ya tura miki. Sai ya ce af, akwai wani bidiyo da kika haɗo da saƙon, ranar ya ƙi buɗuwa. Ya buɗe. Na ga amaryata, 'yar ƙaramarki, da hular kwano da igiya a ƙugu, ta manne a jikin dutse kamar ƙadangaruwa. Ta miƙa hannu tana lalube, ta sami tsaga, ta cusa yatsu, ta ja jikinta sama, ina jin muryarki kina yi mata kirari daga ƙasa. Irin tsagar nan ce sak, wadda na toshe. Mai kemis ya dube ni, ya dubi wayar, ya shige bayan kanta wai zai ɗauko magani, ina jiyo shi yana dariya har da tari.

Yanzu kaina ya ɗaure. Idan wahalar ake so, ina maganar dacewa da yara? Idan sauƙin ake so, me ya kawo igiya, alhali ga matakala? Magini ya ce idan an fasa simintin dutsen ba zai koma yadda yake ba. Sai dai gefen gabas yana nan yadda Allah Ya yi shi, don siminti ya ƙare kafin a kai can. Na hana shi taɓawa. Jiya na je na gwada da kaina, na jingine sanda, na sa yatsu a tsagar, na ɗaga ƙafa. Na bar ƙasa da kamar taƙi guda, sai sauka ta gagara, magini ne ya sauke ni kamar buhu yana salati. Tsagar dai tana riƙe mutum, wannan na shaida. Ko ta ishe ku, ko ta yi kaɗan, ban sani ba.

Mai kemis zai tura miki hotuna biyu. Don Allah kada ki nuna wa maigidanki hoton gaban dutsen shi kaɗai. Ki nuna masa na gabas ɗin, ki ce ya dube shi da idon rahama kafin ya yanke shawara. Matakalar kuma ba ta tashi a banza ba. Na hau ta a hankali, ina hutawa, har na kai sama, rabona da saman dutsen tun kina goye. Na sa an kai mini kujera can. Idan kun zo, ku bi ta tsagarku da igiyoyinku, duk wanda ya fara leƙo da kai zai tarar da kakansa.

Ki gaishe mini da surukina, da babban yaron, da amaryata, ki ce mata angonta ya riga ta hawa. Gwaggonki da kawunki suna gaisuwa, mai kemis ma ya ce a gaishe ki, har yanzu bai iya haɗa ido da ni ba. Ki ba ni amsa da wuri, magini yana jira, ni ma haka.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.