Na ci Babana a tseren mota, ya daina tsokanata

Assalamu alaikum Kawu Mai Shawara,

Don girman Allah ka taimake ni, domin na samu abin da na daɗe ina nema amma na rasa inda zan kai murnata. Na ci babana a tseren mota. Bari in sake rubutawa don har yanzu daɗi nake ji: na ci babana a tseren mota, da rana tsaka, a gaban abokansa. Sai dai tun ranar ya sauya mini, kuma jiya Inna ta gaya mini ya lulluɓe motarsa da tamfol, har ya fara zancen rabuwa da motar.

Babana bakanike ne, a sana'ar ya tsufa. A gareji ba mai kiran sunansa, sai dai Mai Kunne, saboda mota tana shigowa zai karkata kai ya faɗi abin da ke damunta tun ba a buɗe bonet ba. Yana da wata mota da ya haɗa da hannunsa, irin manyan nan da yake kira masu ƙwanji: inji silinda takwas, dogon hanci, faffaɗan ƙirji, nauyi kuwa sai ka ce ɗaki aka sa wa taya. Sunanta Bajimi, kuma a gidanmu "shi" ake ce mata. In Baba ya tashe shi da safe, kwanukan Inna har rawa suke a kan kanta. A cikinsa na koyi tuƙi, an ɗora ni a kan matashi don in hango hanya. Yayyena maza ba wanda ya ɗauko wannan ciwon, ni autar mata na kwashe shi kaf.

Da na fara aiki na tsaya da ƙafata sai na sayi tawa, kuma ba irin tasa ba. Ƙarama ce mai kujera biyu, lafe take da ƙasa har sai ka durƙusa kafin ka shiga, injinta bai kai rabin nasa ba kuma a bayan kujera yake. Ranar da na kai ta gareji ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya tambaye ni ina ɗaya ƙafar, wai ai silifa bibbiyu ake sayarwa. Sunan ya bi ta. Ni kaina yanzu Silifa nake ce mata.

Tun daga nan ba mu taɓa zama cin abinci mun tashi ba musu ba. A wurinsa mota ƙarfi ce: ka taka totur, kujera ta doke ka a gadon baya, hanya ta riƙa naɗewa a gabanka kamar tabarma. Ni kuma in ce masa ko tankar ruwa in ta samu gangara gudu take yi, a kwana ake sanin mota. Silifa kana motsa sitiyari kaɗan ta riga ta juya, kana jin kwalta a tafin hannunka, ka san lokacin da taya ta kama da lokacin da take shirin saki. Bajimi kuwa in ya tunkari kwana sai ya kwanta gefe guda, hancin yana son zarcewa gaba, in kuma ka yi gaggawar ba shi wuta bayan ya wulla waje. Baba ya ce ai nan daɗin yake, sai gwani ke iya riƙe shi. Inna ta ce mu bar ta ta ci abincinta lafiya. Mijina kuwa, bawan Allah, bai san man birki da man girki ba, sai ya yi ta gyaɗa wa kowa kai.

To, akwai ƙungiyar masu son mota da ke haɗuwa ƙarshen wata a wani tsohon filin jirgi da aka daina amfani da shi. Sun jera tsofaffin tayoyi sun fitar da hanya: doguwar miƙaƙƙiya guda, sai lanƙwashe-lanƙwashe, sai wata matsattsiyar kwana da ake kira Gwiwar Hannu, daga ita sai 'yar gajeriyar hanya zuwa layin ƙarshe. Suna da doka ɗaya da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: wanda aka ci shi zai wanke motar wanda ya ci shi, nan take, a gaban jama'a, har tayoyi. Baba ne ya kafa ta lokacin da ba mai iya kamo shi. Na taso ina ganinsa zaune a kan kifaffiyar jarka, yana nuna wa manyan mutane masu gemu inda suka tsallake.

Amininsa Fenta, mai fentin mota, shi ya zuga mu, ya ce musun nan ya ishi kowa, a je fili gani ya kori ji. Ana gobe tseren Baba ya aiko a karɓi makullina, wai ba zai yarda a ce ya ci mota mai lalataccen birki ba. Ya wuni a ƙarƙashinta, ya sake mata birki da mai, ya rage iskar tayoyin, ya cillo mini makulli yana cewa kar in zo masa da uzuri gobe. Na haɗiye, na ce a raina za mu gani.

Kawu, da aka sauke tuta ban ga komai ba sai hayaƙi. Bajimi ya yi wani irin ruri ya bar ni a tsaye kamar wadda ke jiran motar haya, 'yan kallo har sun fara dariya. Amma tun da sauran nisa kafin kwanar farko na ga jar fitilarsa ta kama, dole ya fara birki da wuri saboda nauyi. Ni kuwa sai da na zo dab sannan na taka. Duk abin da ya ƙwace a miƙaƙƙiya sai in karɓe a lanƙwasa, ya sake tserewa, in sake liƙe masa. Can wajen ƙarshe na fara jin ƙaurin birkinsa yana shigo mini ta taga, na san ya yi zafi ya fara gajiya. A Gwiwar Hannu, kwanar ƙarshe, hancin Bajimi ya ƙi juyawa, ya buɗe waje, ya bar mini wata 'yar ƙofa ta ciki. Na gama birkina kafin in karya sitiyari, na kafa idona a mafita ba a kan tayoyin gefe ba, kamar yadda aka koya mini ina kan matashi, na sulale ta ciki. Sai ga ruri a bayana kamar ƙasa za ta tsage. Da hanyar ta ƙara tsawon gida biyu da ya haɗiye ni, amma na tsallake layi hancinsa yana daidai ƙofata.

Ihun da na yi a cikin hular kwano, wallahi sai da muryata ta dushe. Na yi kuka, na yi dariya, na doki sitiyari har hannuna ya yi ja. Fenta ya jefa hularsa sama bai ma san inda ta faɗa ba. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan rana ba, ko ranar aurena, Allah ya sa mijina ba ya karanta filinka na jarida.

Ina cikin haka sai na hango Baba a madubi. Ya taho daga wajen famfo, ya naɗe hannun riga, bokiti a hannu ɗaya soso a ɗayan, furfurarsa tana sheƙi a rana, jama'a sun dare masa. Ta yaya zan zauna a kan jarka uban da ya haife ni ya durƙusa yana goge mini taya? Ban yi shawara da kowa ba na sa giya na bar filin, ban tsaya ba sai gida. Daga baya Fenta ya ce mini Baba ya daɗe tsaye da bokitin, sannan ya tuttular da ruwan a ƙasa ya shiga Bajimi ya tafi.

Yanzu in na gaishe shi zai amsa, amma shi ke nan. Ba tsokana, ba musu, ko Silifa ya daina ce mata, wai "motarki". Wannan ya fi zagi yi mini ciwo. Inna ta ce in nemi a sake tsere in ɗan sassauta ƙafa ya ci, girmansa ya dawo. Yaya babba ya ce tun farko rashin kunya ne 'ya ta yi tsere da ubanta. Ni kuma gaskiya ba na nadamar cin da na yi, ko ƙurar ranar ban bari an wanke ba, tana nan a jikin motar ina kallonta ina murmushi. Amma ba na son in rasa Babana, kuma ba na son Bajimi ya koma hannun wanda bai san darajarsa ba. In bi maganar Inna ne?

Taka,
Direbar Silifa

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Kafin komai, barka! Kin ci, kuma da guminki kika ci. Kada wanda ya sa ki sunkuyar da kai. Ki gaya wa yayanki barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma ba a yi wa uba rashin kunya da abin da shi ya koyar.

Musun naku kuwa, kowa da gaskiyarsa. Mota irin Bajimi an ƙera ta ne don ta tashi da ƙarfi ta cinye hanya miƙaƙƙiya, kuma a nan Silifa ko ƙurarsa ba za ta kamo ba, ke ma kin shaida. Amma nauyin da babban inji ke ɗora wa gaba shi ke gajiyar da birki, shi ke sa hanci ya ƙi bin kwana. Taki an rage mata ƙarfi an ba ta sauƙin jiki da kama ƙasa. Fili mai yawan lanƙwasa gidanki ne, doguwar hanya gidansa. Abin yabo ma shi ne yadda dattijo ya riƙe wannan ƙaton har kwanar ƙarshe kafin ki samu ƙofa.

Shawarar Inna ta ƙauna ce, amma kada ki bi ta. Mutumin da ake kira Mai Kunne za ki yaudara da sassauta ƙafa? Kafin ki ɗaga yatsa ɗaya daga kan totur ya ji a kukan injin. Ranar kuwa za ki yi masa raunin da ba zai warke ba.

Yanzu ki sake karanta wasiƙarki. Kin ɗauka shan kaye ne ya ɓata masa rai, ni ban gani haka ba. Wa ya wuni a ƙarƙashin Silifa ana gobe tsere? Ya san sarai da birki da kamun taya kaɗai za ki iya cin sa, kuma su ɗin ya gyara miki. Wanda ke tsoron a ci shi ba ya wasa wa abokin karawarsa wuƙa. Bai bar miki ba, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ya tabbatar in kin isa ba abin da zai tare ki. Da kika isa, ba wanda ya tura shi famfo. Da ƙafarsa ya je, ya naɗe hannun riga, ya ratso jama'a. Shekara da shekaru manyan direbobi suna wanke masa mota, yau ga wadda zai wanke wa, kuma jininsa ce. Wannan bokitin shi ne hanyarsa ta gaya wa duk filin cewa ga 'yar da ya horar. Ke kuma kika sa giya kika bar shi da shi a hannu.

Ban ga laifin zuciyarki ba. Kunyar da ta kore ki tarbiyya ce, kuma shi ya ba ki ita. A gida da gareji uba ne, ko tsinke kada ki bari ya ɗauka kina tsaye. Amma a filin nan direba ne, kuma dokar tasa ce. Da kika ɗauke masa ita, abin da ya ji shi ne an mayar da shi tsohon da ake lallaɓawa. Shi ya sa ya rufe Bajimi: me zai yi da motar tsere in an fara tausaya masa?

Ga abin yi. Ki same shi a gareji lokacin da ba mutane, ki durƙusa ki ba shi haƙuri, ba don kin ci shi ba, don kin gudu. Ki gaya masa Silifa tana nan da ƙurarta, ba wanda ya taɓa ta, kuma ƙarshen wata za ki kai ta fili ki jira shi. Allah ya taimake ki da ba ki wanke ba. Ranar ki tafi da Inna da mijinki, ki kifa jarka ki zauna, ko da hawaye za su zubo ki daure. In ya tsallake wani wuri a taya ki nuna masa, da ladabi amma ki nuna, don na tabbata zai bar wurin ne da gangan ya ga ko kin gaje shi.

In ya gama, ki ƙalubalance shi a miƙaƙƙiyar hanya kawai, ba kwana ko ɗaya, kuma ki taka iya ƙarfinki. Tamfol ɗin nan da kansa zai yaye shi. Gudun dai ya tsaya a fili, da hular kwano, ban da titin jama'a. Kuma ki taho da naki bokitin da babban soso, domin Bajimi ba ƙaramin jiki gare shi ba.

Allah ya ƙara wa Mai Kunne lafiya da nisan kwana, ya dawo muku da musunku a kan abinci, ya ba Inna haƙurin saurare. Ke kuma Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki a kowace kwana.

Naki,
Kawu