Askar Cikin Zabira

Assalamu alaikum Baba,

Ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da mutanen Aujara. Ni lafiya lau, sai dai sanyin Istanbul ya farfasa mini hannu. Kada a gaya wa Inna.

A shagon askin da nake aiki, maigidana ya baje asake da sabulai masu ƙamshi, ya ce in zaɓa. Na gwada kowace aska a gashin hannuna, yadda kake yi. Ya tambayi wanda ya koya mini. Na ce babana wanzami ne, shekara arba'in bai ji wa kowa ciwo ba.

Ba zan samu zuwa sunan ɗana ba. Na aiko maka askar da na zaɓa, amma Baba, ka aske shi da tsohuwar nan ta cikin zabirarka, wadda ka aske ni da ita.

Ɗanka,
Yahuza