Mangwaron Tsoho da Wuƙa Ta Uku

Lahadi, 22 ga Yuni, 2025

An sayar da gidan GRA, wanda tsohona ya yi gadina, mai kula da lambu, a cikinsa shekara talatin. Wani Alhaji Zakari ya saya, zai rushe ya yi shaguna. Ni gidan bai dame ni ba, mangwaron da ke bayan kicin ne. Tsoho ya aura shi da hannunsa tun ba a haife ni ba. Ba zare, ƙwallon ɗan mitsitsi, kuma duk yawon da na yi a aikin gandun daji ban ga irinsa ba. In ka shuka ƙwallonsa mangwaron banza yake ba ka, sai dai a yanko reshe a aura wa wani. In aka sare shi ban aura ba, irin ya tafi ke nan.

Na je na gai da Alhajin. Mutum ne mai fara'a, ba laifi. Ya ce, "Malam Sule, ka ɗebi abin da kake so, amma hwa ƙarshen Agusta za a shigo da inji." Wata biyu. Ina da 'ya'yan mangwaro arba'in da ɗaya a leda da na rena tun bara. Sun isa, in Allah ya so.

Laifina ne ma. Shekara nawa ina cewa zan aura, zan aura.

Talata, 24 ga Yuni

Wuƙata ta karye.

'Yar Jamus, wadda aka ba mu a kwas ina saurayi. Shekara talatin da takwas tana aljihuna. Wasawa ta cinye ruwanta har ya koma siriri kamar ganyen albasa, na sani, amma ban zaci yau ba ne. Ina gyara reshe sai na ji ƙas. Na tsaya riƙe da ƙota kamar wani sakarai. Na naɗe guntayen a hankici na sa a akwati. Abincin rana ma ban ci ba.

Alhamis, 26 ga Yuni

Na shiga kasuwa wurin Mati mai kayan ƙarfe. Ya zube mini wuƙaƙen aljihu sun fi kala goma, sai sheƙi suke. Wata da tocila a gindi, wata da abin buɗe lemo. Me zan yi da tocila? Ya ɗauko ɗaya ya nuna mini rubutu a jiki: "Baba ga ta nan, Jamus ce kau, karanta da kanka." Na karanta. Ko sunan ƙasar ba su iya rubutawa daidai ba. Na san 'yar Caina ce, shi ma ya san na sani. Na saya don babu wata.

Na wasa ta har la'asar. Kaifin yana zuwa, amma ba ya zama.

Asabar, 28 ga Yuni

Na aura ashirin. Aikin nan ja ɗaya ne: ka ja wuƙa sau ɗaya, yankan ya fito sumul, na reshe ya kwanta kan na ɗan itacen ba tare da iska ta sami wurin shiga ba, ka ɗaure da leda. Wannan tsinanniyar kuwa bayan yanka uku sai bakinta ya lanƙwashe, ta koma tauna ɓawo. Kan ka ce me, na koma kan dutsen wasa wuƙa. Na yi haka har na gaji.

Rubutun ma duk ya karkace. Biron nan shi ma na Caina ne.

Litinin, 14 ga Yuli

Duka ashirin sun yi baƙi. Ko ɗaya.

Laraba, 16 ga Yuli

Na koma wurin Mati na jefa masa wuƙarsa kan tebur. Na faɗi maganganu, wasu ma ban so na faɗa ba. Na ce mutanen da ke ƙera wannan ba su da tsoron Allah, kuma mai sayarwa bai fi su ba. Bai yi fushi ba, shi ne abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce, "Baba mi ya yi zahi? Su mutanen nan abin da ka biya shi za su ƙera maka. Mai kyau na nan can wurinsu, mu ne ba mu ɗaukowa, don ba mai saye." Na ce ƙarya ne, ƙasar da ta yi wannan ba za ta iya yin abin kirki ba. Mutane suka taru ana ba ni haƙuri kamar wani mahaukaci. Na hau mashin na dawo Ƙofar Durbi ina huci.

Wata uku na jarraba aska, na jarraba reza, a kan rassan darbejiya. Reza ba ta da ƙarfi, aska ba ta zama a hannu.

Ba wata uku ba, awa uku. Kai, Sule.

Juma'a, 18 ga Yuli

An fara sauke bulo a gidan. Na tsaya daga bakin ƙofa na kalli itacen. Ban shiga ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ma'u ta zo daga Kambarawa. Ita ce babbar ɗiyata, tela, 'ya'yanta uku. Ta ajiye mini ɗan akwati a gaba ta koma gefe tana murmushi. Wuƙar auren itace ce, ta gaske, ta yi odarta ta waya. Ban tambayi kuɗin ba, amma na san ɗinkin Sallarta kaf ya tafi a nan. Ƙotar katako ce, tana buɗewa shiru, tana rufewa da ɗan sauti mai daɗi. Na juya ta. A gindin ruwan an rubuta, ƙanana, ba ɓoyo: Caina.

Na tura mata abinta. Na ce, "Kin zubar da guminki, an cuce ki." Ta ce, "Baba ka gwada mana tukuna." Na ce ni ba yaro ba ne. Ta ɗauki jakarta ta bar akwatin a inda yake. Da za ta fita na ga tana goge ido da bakin mayafi. Ni dai ban iya baki ba, tun uwarta na da rai ake faɗa mini.

Talata, 29 ga Yuli

To. Na gwada.

Wuƙar ta aske gashin hannuna ba tare da na taɓa dutse ba. Na yanka reshe talatin na darbejiya, na sake gwadawa, ta sake askewa. Ban so rubuta wannan ba, amma ta fi 'yar Jamus. Ƙarfen ya fi, zaman hannun ya fi. Ashe Mati gaskiya ya faɗa. Ba zan je in gaya masa ba.

Na aura goma sha biyar. Na bar shida saboda tsaro. Yau na ci tuwo har na nemi ƙari.

Alhamis, 14 ga Agusta

Sun mutu. Sha biyar ɗin.

Juma'a, 15 ga Agusta

Bayan masallaci na zauna na kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda wuƙar ta cuce ni. Ina so in samu, wallahi ina so. Ba tauna, ba dameji a ɓawo, ta yanka tsaf. Amma yankan ba a miƙe yake ba. Hawa-hawa ne, tudu da kwari. Na kwantar da ruwan wuƙar a kai, haske yana wucewa ta ƙasa. Duka sha biyar haka. Na tono na farkon nan da na zubar a bayan ɗaki, na wuƙar Mati. A ƙarƙashin taunar, su ma haka suke.

Na miƙa hannun dama a gabana na ce masa tsaya. Bai tsaya ba.

Tun yaushe? Shayin da nake zubarwa a riga ina zagin kofi. Maɓallin da na daina sawa na ce ramin ya matse. Na buɗe littafin nan daga farko na dubi rubutuna. Biro ba shi da laifi. Na zagi ƙasa guda, na ci mutuncin Mati a gaban jama'a, na sa ɗiyata kuka, alhali abin yana jikin kafaɗata a rataye.

Ita ma 'yar Jamus, anya tsufa ne ya karya ta?

Ba abin da na iya a duniya sai wannan ja ɗayan. Ban tara dukiya ba, ban yi suna ba. In aka ce Sule, sai a ce mai auren itace. Yau na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da aka ba ni takardar ritaya.

Asabar, 16 ga Agusta

Ban fita ba. Na ce wa masu sallama zazzaɓi ne.

Laraba, 20 ga Agusta

Alhaji Zakari ya aiko direbansa: Asabar ta sama za a sare. Wai in ina son itacen girki a kawo mini. Itacen girki! Na ce a gode masa.

Saura shida a leda. Na ɗauki wuƙar sau biyu na ajiye. In na taɓa su na kashe su, na sani. Abokan aikina da suka iya, biyu sun rasu, ɗaya ido ya tafi. Na yi tunanin in bar su haka nan, aƙalla su rayu su zama mangwaron banza.

Juma'a, 22 ga Agusta

Ma'u ta zo duba ni, an gaya mata zazzaɓin. Ta same ni zaune gaban ledoji shida da rassan da na yanko da safe, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ban san ma me ya sa na yanko su ba. Ta dubi hannuna, ta kau da kai da sauri. Ashe ta sani. Wataƙila kowa ya sani, ban da ni.

Na ce, don dai in yi magana, "Ke da kike yanka shadda ba ki kauce layi, wanga ai ba zai gagare ki ba." Da wasa na faɗa. Ta aje jaka ta naɗe hannun riga.

Na sa ta yi ta yi a kan darbejiya. Na farko ta yi kamar tana fere rogo, na daka mata tsawa. Ta ce, "Baba in za ka yi faɗa in tahi gida." Na sassauta murya. Na nuna mata da baki: gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, wuƙa ba ta motsi, kafaɗa ke ja. Wajen na ashirin na kwantar da ruwan wuƙa a kan yankanta. Haske bai wuce ba.

Ta yi shidan. Ni na riƙa miƙa leda. Shekara arba'in ina aikin nan, yau ni ne mai miƙa leda. Da ta tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Asabar, 30 ga Agusta

Sun sare shi. Na ce ba zan je ba, na je. Minti ashirin. Abin da tsoho ya yi ta ba ruwa da bokiti. Ƙamshin ɗanyen itacen ya cika unguwar, irin wanda nake ji a rigarsa in ya dawo gida. Wani lebura ya ce in matsa kada reshe ya same ni.

Shidan suna nan, ba su yi baƙi ba, ba su yi komai ba. Ban sa rai ba.

A hanyar dawowa na bi ta wurin Mati. Na gaishe shi, ya gaishe ni, ya ba ni kujera. Ban ce komai ba game da rannan, shi ma bai ce ba. Na sayi ƙwado ɗaya da ba na bukata.

Talata, 9 ga Satumba

Huɗu sun bushe. Biyu sun yi toho, jajayen ganye ƙanana, uku a ɗaya, biyu a ɗaya. Na ƙirga su ya fi sau goma. Ban taɓa ba.

Na je Kambarawa da la'asar, na ce wucewa nake. Na gaya mata ɗaurin na huɗun ne ya yi sako-sako, ta gyara nan gaba. Da ta shiga kawo mini ruwa na jawo aljihun keken ɗinkinta na sa wuƙar kusa da almakashi. Ajiya ce kawai, aljihuna ya yage.

Na shuka ƙwallo talatin a leda, na baɗi. Dole ta riƙa zuwa ranar Juma'a, hannunta bai gama faɗawa ba.