Askirim a Makabartar Jiragen Ruwa

Litinin, 5 ga Yuni

Iskar gishiri tun safe. Baƙi sun zo daga birnin Nukus, suka gangara wajen matattun jiragen, suka hau suka yi hotuna, suka dawo gun firizata ta askirim suna haki. Turawa na cakulan suke so, 'yan Tashkent mai ruwan hoda. Wata ta tambaye ni ina tekun yake. Na nuna mata rairayi. A nan Moynak aka haife ni, amma kafin in zo duniya ruwan ya janye.

Baba bai taɓa miyarsa ba. Farin askirim kawai ya sha, na madara zalla. Wai sauran duk fenti ne.

Alhamis, 8 ga Yuni

An ɗauke wuta, rabin kayan ya narke. Baba na ta tari.

Asabar, 17 ga Yuni

Yaya Kallibek ya kira. Zancen dai ɗaya ne: a kai Baba asibiti a Nukus ya zauna gidansu, ni ma in tattaro. Na ce mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgi a nan, in aka cire shi mutuwa zai yi, kamar kifi.

Ya ce, "Kifin da ruwansa ya gudu ya bar shi? Gulziyra, ke dai ce kina son gadin tsatsa."

Na kashe wayar. Shi da ya tafi tun yana saurayi, me ya sani?

Lahadi, 18 ga Yuni

Yau Baba ya ce in kai shi wajen jiragen. Ban taɓa ganin ya taka wurin ba. Na riƙe shi muka sauka a hankali, yana tsayawa yana maida numfashi. Na kai shi gaban na ƙarshe, mai karyayyen hanci, wanda wata tsohuwar maƙwabciya ta ce min nasa ne tun ina yarinya. Shi nake share wa yashi, a jikinsa nake hana samari rubuta sunayen 'yan matansu.

Ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Wannan ai ba nawa ba ne. Nawa tuni 'yan gwangwan suka yanka. Waɗannan jawo su aka yi aka jera don baƙi."

Na ce me ya sa bai taɓa faɗa min ba. Ya ce ban tambaya ba.

Wani baƙo ya roƙi su yi hoto tare. Na buɗe baki zan kore shi, sai Baba ya gyara hula. Har da murmushi.

Talata, 27 ga Yuni

Jini a tarin. Ni da kaina na kira Yaya. Bai yi min gori ba, da ma ya yi.

Alhamis, 29 ga Yuni

Yaya ya zo ya ɗauki Baba, sun tafi. Da motar ta tashi na zuba ido ko Baba zai waiwayo. Yana ta fama da gilashin taga ne.

Juma'a, 14 ga Yuli

Gidan ya yi min girma. Na dafa shayi kofi biyu, na zubar da ɗaya. Baƙi sun cika wurin, wasu yara sun ɗare jirgin nan suna kwankwatsa shi da dutse. Ina kallo ban hana su ba.

Lahadi, 30 ga Yuli

Ayjamal, matar Yaya, ta kira. Tarin ya lafa, maganin ya karɓe shi. Ta ce kullum da yamma jikoki na jansa bakin titi, kuma ta yi dariya: "Mai ruwan hodan nan yake sha, har biyu in ba a hana shi ba." Na ce ƙarya ne. Ta miƙa masa wayar.

"Baba, ba kai ka ce fenti ne ba?"

"Fentin da daɗi," in ji shi. "Ke kina cin abinci kuwa?"

Na jira ya tambayi gida, ko maƙwabta, ko kabarin Inna. Sai labarin wata bishiya da ke ƙofar gidan, wai inuwarta har tsakar titi.

Na yi kuka bayan mun gama, ban san na mene ne ba.

Litinin, 31 ga Yuli

Ba inda za ni. Na dai tambayi Ayjamal ko a unguwarsu ana yawan ɗauke wuta, kuma ko akwai mai firiza a bakin makarantar yaran. Ta ce babu kowa.

Tambaya kawai na yi.