Haƙoran Inna Laraba da Fure

Zuwa ga angona Suhaibu, a Katsina.

Assalamu alaikum, jikana. Ya aiki, ya mai tsohon ciki? Barakatu maƙwabciyata ke rubuta mini, ni ina faɗa.

Haƙoran roban da ka kawo sun zauna daram, sai dai farinsu ya yi yawa, kamar na ɗan maraƙi. Mu a zamaninmu, mace ba ta fita da farin haƙori. In za mu rijiyar Kusugu ɗiban ruwa ranar Juma'a, sai mun goga fure, mun bi da goro, baki ya yi jawur. Da shi na kama kakanka. Shi ne na sa aka samo mini furen taba daga Mashi, kullum ina goga musu. Ba na cire su ko da barci, kada ja ya gudu.

Yanzu ga wani fari-fari a dasashina kamar kindirmo, da zafi. Ko tuwo ba na iya ci. Matarka ta kusa sauka, ni kuwa naman suna nake hari. Yaya za a yi?

Ka gaishe ta. Amaryarka, Laraba, Daura.

Zuwa ga amaryata.

Wa'alaikumussalam. Inna, na karanta wa abokan aikina a asibitin haƙori, har yanzu dariya suke. Roba kika yi wa kwalliya?

Datti ne ya taru a ƙarƙashin haƙoran, ƙwayar cuta ta samu gida. Ga maganin shafawa a baki. Ga kuma kwalbar ruwan wanki, da ganyen darbejiya da kanumfari aka haɗa shi. Kullum kafin ki kwanta ki cire su, ki goge, ki jiƙa a ciki, da safe ki ɗauraye. Fure kuma an gama. In baki bai warke ba, ranar suna koko za ki sha.

Allah ya ƙara lafiya. Suhaibu.

Angona,

Barka, barka! Na ji an samu mace, Allah ya raya.

Koko a gidanku! Darbejiyar da ke ƙofar gidana ce ka saka a kwalba kana mini iyayi. Amma na bi, baki ya warke sarai. Jiya na gwada haƙoran da aya, Barakatu ta ce tun daga zaure take jin ƙarar.

Ina tafe ranar Talata. Ka ajiye mini haƙarƙari, hanta ka ba tsofaffi.

Sai na zo. Laraba.